Kolibiri mai maƙogwaron wuta, tsuntsun da rayuwarsa ke rataye da gajimare

Hotunan wannan tsuntsun sukan yi yawo a Facebook da WhatsApp, kuma kusan duk inda aka sa sai an samu mai cewa ai haɗi ne, kwamfuta ce ta zana, don wai ba yadda za a yi kala kusan bakwai su taru a jikin abun da bai kai tafin hannu ba. To ba haɗi ba ne, tsuntsun yana nan da ransa. Masana na kiransa Panterpe insignis, mutanen ƙasar da yake kuma, masu jin Sifaniyanci, suna ce masa colibrí garganta de fuego, wato kolibiri mai maƙogwaron wuta, kolibiri kuwa dangi ne na 'yan ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan fure suna tsaye a iska. Duk duniya babu inda ake samunsa sai kan duwatsun Kostarika da yammacin Panama, can Amurka ta Tsakiya, daga wajen mita 1,400 sama da teku har zuwa inda bishiyoyi ke ƙarewa saboda sanyi, sama da mita 3,000. Wasu masana biyu 'yan Jamus, Cabanis da Heine, su suka fara rubuta bayaninsa a 1860, kuma har yau shi kaɗai ne a zuriyar da ake kira Panterpe, ba shi da wa ba shi da ƙane.

Tsawonsa santimita 11 ne ko ƙasa kaɗan, namiji nauyinsa wajen giram 6, mace wajen giram 5. Saman kansa shuɗi ne mai walƙiya, bayan idonsa akwai ɗan ɗigon fari, tsakiyar maƙogwaron ruwan lemu ne mai ja-ja irin na tagulla, in ka matsa gefe sai ya koma ruwan zinariya, daga nan ya shige cikin kore, sannan a ƙirji ga wani tabo shuɗi mai shunayya-shunayya, wutsiya kuma shuɗi ce mai duhu kusan baƙa. Bakinsa miƙaƙƙe ne baƙi, sai ɗan ja-ja a gindin na ƙasan.

Amma ga abun da hoto ba ya faɗa maka. Mafi yawan lokaci in ka gan shi a daji, wani ɗan tsuntsu ne mai duhu-duhu, kore mai kama da baƙi, ba ka ma ce shi ne na hoton ba, sai ya juyo ya fuskance ka daidai haske na faɗa masa, sannan wutar ta kama, ya ɗan karkata kai kuma ta mutu. Dalili shi ne wannan kalar ba rini ba ce a cikin gashin. Idan aka sa gashin maƙogwaron a madubin ƙara girma mai ƙarfi, za a ga ƙananan rassansa cike da wasu 'yan faifai masu faɗi, na sinadarin melanin, wanda shi ne dai ke sa fatarmu duhu, an jera su hawa-hawa, kuma cikin kowanne akwai 'yan kumfar iska. Haske in ya shiga, wani ya dawo daga hawa na farko, wani daga na biyu, wani daga na uku, to wajen fitowa sai su haɗu, wasu kaloli su ƙarfafa juna wasu su kashe juna, wacce ta tsira ita ce idonka zai gani. Wanda ya taɓa lura da ɗigon fetur a kan ruwan da ya kwanta a bakin gareji bayan an yi ruwan sama ya ga irin wannan aikin, fetur ɗin ba shi da ja ba shi da shuɗi, siririn shimfiɗarsa ne ke rarraba hasken, kuma in ka canza wurin tsayuwa kalar ma ta canza. Bambancin kaurin faifan da tazarar da ke tsakaninsu shi ke sa gashin tsakiyar maƙogwaro ya ba da ruwan lemu, na kusa da shi ya ba da rawaya, na ƙirji ya ba da shuɗi, alhali duk abu ɗaya aka yi su da shi. Wani Ba'amurke, Crawford Greenewalt, wanda a lokacin shi ne shugaban kamfanin DuPont amma yana da son tsuntsayen nan sosai, shi da abokan aikinsa suka yi bayanin wannan tsarin tun 1960.

Kuma mu abun da muke gani ma guntu ne. Idon ɗan Adam na da ƙwayoyin gane kala iri uku, na tsuntsaye iri huɗu, na huɗun yana kama hasken da ke gaba da shunayya wanda mu sam ba ma ganinsa. A 2020 Mary Caswell Stoddard ta Jami'ar Princeton da tawagarta sun gwada wani nau'in kolibiri a duwatsun Kolorado, suka nuna yana rarrabe kore zalla da koren da aka gauraya da wancan hasken, abun da mu in an ajiye mana su biyun za mu rantse ɗaya ne. Kenan duk kyan da muke yabawa a maƙogwaron nan, 'yan uwansa na ganin abun da ya fi haka.

Wani abun da ya ja hankalina shi ne macen ma haka take, da kyar ka bambanta ta da namijin sai dai ta ɗan fi ƙanƙanta. A yawancin kolibiri namiji ne ke da ado, mace kuma dishi-dishi don ta ɓuya a kan ƙwai. To me ya sa nan ba haka ba? Amsar da ta fi zama a raina ita ce adon nan aikinsa ya wuce neman aure, makamin faɗa ne a kan abinci, kuma mace ma tana buƙatarsa. Akwai binciken Jay Falk na 2021 a Panama a kan wani nau'in daban, inda ya ga wajen kashi 20 cikin 100 na manyan mata suna da kalar maza, kuma waɗannan ba a cika korarsu daga wurin shan ruwan zaƙi kamar sauran matan ba. Nau'in daban ne, na faɗa, amma yana nuna inda maganar ta dosa: a duniyar kolibiri komai a kan ciki yake komawa.

Kafin mu shiga batun cikin, kolibiri dai ba mu da shi a Afirka, duka nau'o'insa sama da 360 a nahiyar Amurka suke, daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina da Chile, kuma a tsaunukan Andes suka fi yawa. Namu na nan mai ɗan lanƙwasasshen baki da gashi mai sheƙi, sha-kauci, wanda ke zagaya furanni, kama kawai suka yi saboda sana'arsu ɗaya, amma ba dangi ba ne, shi yawanci sai ya sauka a reshe yake sha. Dangin kolibiri na kusa su ne tsattsewar nan masu wuni a sama ba sa sauka. Abun mamaki kuma tsofaffin ƙasusuwan da suka fi kama da kolibirin yau a Jamus aka tono su, masu shekara wajen miliyan 30, Gerald Mayr ya yi bayaninsu a 2004.

To batun ciki. Tsayuwa cak a iska ita ce tashi mafi tsada da tsuntsu zai yi, saboda ba gudun da zai taimaka masa, duk nauyinsa ƙarfin fiffike ne ke riƙe da shi. Kolibiri yana juya fiffiken daga kafaɗa ta yadda zuwa da dawowa duka suna ɗaga shi, an auna an ga wajen kashi 75 na ɗagawar daga bugun ƙasa yake, kashi 25 daga na sama, sauran tsuntsaye kuwa bugun sama kusan hutu ne. Zuciya kuma tana iya haura bugu 1,000 a minti ɗaya yana cikin tashi. Abun da ke kunna wannan injin ruwan zaƙin fure ne, wanda a yini yakan sha fiye da nauyin jikinsa, kuma sukarin da ya sha yanzun nan shi tsokarsa ke ƙonawa cikin 'yan mintoci, ba wani ajiya mai yawa. Harshensa a rabe yake biyu a ƙarshe, yana shiga cikin ruwan ya buɗe, yana fitowa ya rufe da ruwan a ciki, sau fiye da goma a daƙiƙa ɗaya, Alejandro Rico-Guevara da Margaret Rubega ne suka ɗauki wannan da kamara mai saurin gaske a 2011, kafin nan an daɗe ana zaton ruwan hawa yake yi da kansa ta cikin ɗan bututu. Ruwan fure kuma ba ya gina jiki, don haka dole ya haɗa da ƙananan ƙwari da gizo-gizo, yana kama su a iska ko ya tsince su a ganye, musamman uwa mai 'ya'ya a sheƙa.

Yanzu ka ɗauki wannan rayuwar ta hannu baka hannu ƙwarya ka kai ta mita 3,000. A can iskar oksijin da ke shiga huhu wajen kashi 70 cikin 100 ce na wadda ke bakin teku, iskar kanta ta yi sirara, fiffike ba ya samun abun turawa sosai, shi ya sa kolibirin kan dutse sukan fi manyan fukafukai in an gwada da jikinsu, kuma suna buɗe bugun da faɗi. Ga sanyi kuma. Mutum zai ji an ce ƙasa mai zafi kusa da tsakiyar duniya ya ɗauka ko'ina zafi ne, alhali a Cerro de la Muerte, wani dutse a jerin duwatsun Talamanka na Kostarika, inda babbar hanyar da ta ratsa Amurka ta Tsakiya ke hawa sama da mita 3,300, dare yakan kai kusa da daskarewa, har sunan wurin ma Dutsen Mutuwa ne saboda matafiyan da sanyi ya kashe kafin a yi titi. Abu mai giram 5 zafin jikinsa zirarewa yake da sauri, ga dare na awa goma sha biyu ba ci ba sha.

Maganin da Allah ya hore masa shi ne wani irin suma da gangan. In dare ya yi kuma ajiyar ba za ta kai safe ba, sai ya maƙale a reshe ya saki zafin jikinsa ya sauka, numfashi ya ragu, zuciya ta dawo 'yan bugu kaɗan, har kana iya taɓa shi bai motsa ba. Larry Wolf da Reed Hainsworth sun gwada mai maƙogwaron wuta a farkon shekarun 1970, suka ga daga wajen digiri 40 yakan sauka zuwa 10 ko 12 ya tsaya nan, in sanyin waje ya fi haka sai ya ɗan ƙara ƙona mai don kar ya wuce. A Peru kuwa, a wani bincike na 2020 a tsayin mita 3,800, an auna wani nau'in da ya sauka har digiri 3.26, mafi ƙanƙantar zafin jiki da aka taɓa aunawa a jikin tsuntsu. Wannan suman yana iya rage kashe ƙarfi da kusan kashi 95 cikin 100, amma yana da nasa haɗarin, don wanda ke cikinsa ba ya iya gudu in maciji ko wani abun ya zo, kuma farfaɗowa da asuba tana cin lokaci da ƙarfi, yana karkarwa har jikin ya ɗumama, sannan ya tashi da yunwa kai tsaye sai fure.

Shi ya sa faɗansa ba na banza ba ne. Mai maƙogwaron wuta fitinanne ne, a inda yake kusan duk sauran kolibiri suna kauce masa. A Cerro de la Muerte nau'i huɗu ne ke zaune tare, kuma Wolf da Gary Stiles da Hainsworth sun yi shekaru suna bin yadda suke raba furannin wurin. Akwai babba mai dogon baki, kolibirin Talamanka, shi yana bin furanni masu zurfi waɗanda bakin sauran ba ya kaiwa, akwai mai shunayyar kunne wanda ke zuwa da lokaci ya tafi, akwai ɗan mitsitsi na duwatsun aman wuta mai giram biyu da rabi, wanda ke lallaɓawa ya sha a ƙananan furannin da manyan suka raina, sai kuma namu, wanda duk inda furanni suka yi yawa suka yi zaƙi sai ya kafa tuta ya ce nasa ne. Kuma lissafi ne tsagwaronsa: kora tana cin ƙarfi, don haka tsare wuri yana da riba ne kawai in ruwan da ke wurin ya fi abun da za a kashe wajen korar baƙi, in furannin suka ragu sai ya bar wurin, wani lokaci bayan an gama kiwon 'ya'ya ma yakan gangaro ƙasa da dutsen neman inda ake fure.

A nan ne Wolf da Stiles suka ga wani abu da suka rubuta a 1970. A ƙa'idar kolibiri namiji ba ruwansa da sheƙa, mace ce ke gini, ita ke kwanci, ita ke ciyarwa, kuma nan ma haka ne, tana haɗa ɗan ƙoƙo da zaren tsirrai da saƙar gizo-gizo, ta lulluɓe bayansa da gansakuka, ta rataye shi a ƙarshen reshen gora da ya sunkuyo ko a saiwar da ta leƙo daga gefen gangare, ta sa farin ƙwai biyu, tsakanin Agusta da Janairu. Amma namijin wannan nau'in yakan tsare furanni fiye da buƙatarsa, ya kori kowa, sannan ya ƙyale wata mace tana shiga tana sha. Ita ta samu abinci ba tare da ta yi dambe ba a lokacin da take buƙatarsa ƙwarai, shi kuma ya samu kusanci da ita. A wurin da dare ke da sanyi irin wannan, uwar da ke kwanci ba ta da sararin sakin jikinta ya huce yadda ta ga dama tunda ƙwai na buƙatar ɗumi, don haka wannan 'yar alfarmar tana iya zama ita ce tsakanin sheƙar da ta yi albarka da wadda ta lalace.

Kuma kar a ɗauka shi waliyyi ne a wajen furanni. Yarjejeniyar fure da tsuntsu ita ce ka sha ruwana ka ɗaukar min gari ka kai wa ɗan uwana, to bakinsa gajere ne, in ya tarar da fure mai dogon wuya sai ya bi ta gefe, ko ya huda gindin da kansa ko ya yi amfani da hudar da ƙudan zuma ko wani ɗan tsuntsu mai ƙugiya a baki da ake kira Diglossa suka riga suka yi, ya shanye ya tafi bai taɓa garin ba. A wasu furannin kuwa, irin su Cavendishia da Macleania masu jan bututu da ke zaune a kan rassan bishiyoyi, ta ƙofa yake shiga, kuma yana cikin masu ɗaukar musu gari.

Akwai ma masu hawansa kyauta. Robert Colwell ya yi bayaninsu a 1973 daga Cerro de la Muerte dai: wasu 'yan ƙwari dangin kaska, ba su kai milimita ɗaya ba, a cikin fure suke rayuwa suna cin gari suna shan ruwa, to fure kwana kaɗan yake ya bushe, su kuma ba fiffike. Sai su jira kolibiri ya zura baki, cikin 'yan daƙiƙun nan su ruga su haye bakin su shige hancinsa, ya tashi da su, in ya isa irin furen da suke so su sauko da gudu. Iri biyu ne a wurin, kowanne da furensa, kuma wanda ya yi kuskuren sauka a furen da ba nasu ba yana iya gamuwa da ajalinsa a hannun masu gida. Ni wannan ya fi kalar ma ba ni mamaki, a ce hancin tsuntsu mai giram 5 shi ne hanyar da wata al'umma guda ke bi ta ci gaba da wanzuwa.

Duk wannan ginin, daga tsuntsun har fasinjojinsa, a kan abu ɗaya yake tsaye, wato a samu fure kowane wata na shekara, kuma wannan aikin gajimare ne. Iska na tasowa daga Tekun Karibiyan ɗauke da laima, ta bugi duwatsun, dole ta hau, tana hawa tana hucewa, don a dutse zafi na raguwa wajen digiri 6 a kowace mita 1,000, har ta kai inda laimar ke komawa gajimare, to dajin da ke daidai wannan tsayin a cikin gajimaren yake zaune. Wannan ba hazon hunturu ba ne mai busar da leɓe, hazon ruwa ne, yana ratsa rassa yana barin ɗigo a kan kowane ganye, ruwan ya taru ya ɗiga ƙasa ko da ba a yi ruwan sama ba. Shi ya sa manyan bishiyoyin oak na Talamanka kowane reshe a lulluɓe yake da gansakuka da tsirrai masu zama a sama, waɗanda ba su da saiwa a ƙasa kuma ba sa tsotsar bishiyar, daga iska suke shan ruwa. Da yawa daga furannin da tsuntsunmu ke dogaro da su irin waɗannan ne. A watannin rani, daga wajen Janairu zuwa Afrilu, hazon nan ne ke riƙe da su, in ya ɗauke na kwanaki a jere su ne farkon bushewa.

To an fara ganin yana ɗaukewa. A Monteverde, dajin gajimaren da ya fi suna a Kostarika, wanda aka keɓe tun 1972, Alan Pounds da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 1999 da ya nuna kwanakin rani marasa hazo sun ƙaru tun daga shekarun 1970, kuma tsuntsayen ƙasan dutse, har da wani babban tsuntsu mai baki kala-kala da ake kira tukan, sun fara hawowa suna sheƙa a inda da ba a ganinsu. Bayaninsu shi ne teku ya ɗumama, don haka gindin gajimaren ya ɗaga sama, dajin da ke cikinsa da yanzu yana ƙarƙashinsa. A 2001 Robert Lawton da nasa abokan suka ƙara wani dalilin, cewa sare dajin da ke ƙasa a filayen gefen Karibiyan ya sa iskar da ke isowa dutsen ta fi zafi ta fi bushewa, ita ma tana ɗaga gajimaren. Wato mutum na iya sare bishiya nesa da dutse, ya taɓa furen da ke ƙololuwa. A dajin Monteverde ɗin ne kwaɗon zinariya ya rayu, wanda a 1987 aka ƙirga wajen 1,500, a 1989 aka ga guda ɗaya, daga nan shi kenan. Gaskiya masana sun yi saɓani a kan abun da ya kashe shi, ana kyautata zaton cutar fangas ta fata tana ciki, wasu na ganin ɗumamar duniya ce ta share mata hanya, wasu na cewa farin da El Niño, wato ɗumamar ruwan Tekun Pasifik, ya kawo a 1986 zuwa 1987 ne, amma ko wanne ka ɗauka bushewa na cikin labarin.

Hukumar IUCN mai jera halittun da ke cikin haɗari ta sa mai maƙogwaron wuta a rukunin waɗanda ba a damu da su ba, kuma a yau hakan daidai ne, yana da yawa a inda yake, yana shiga har gefen gonaki da makiyaya, kuma babban ɓangaren gidansa a kare yake. Gandun La Amistad da ya haɗa Kostarika da Panama yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 1983, ga gandun dutsen Chirripó mai tsayin mita 3,820, ga na Poás da Irazú, ga na Barú a Panama. Kostarika kuma ta yi abun a yaba, dajinta ya ragu ƙwarai zuwa ƙarshen shekarun 1980, sai dokar daji ta 1996 ta hana mayar da daji gona, aka kuma fara biyan masu filaye kuɗi don su bar bishiyoyinsu, da wani kaso na harajin man fetur, yau daji ya haura rabin ƙasar. Duk da haka ni wannan rukunin ba ya kwantar min da hankali, saboda ma'auninsa yawan tsuntsu da saurin raguwarsa ne a 'yan shekarun nan, shi kuwa gandun daji yana tsare gatari ne, ba ya tsare gajimare. Digiri ɗaya na ƙarin zafi daidai yake da a tura yanayin wurin sama da mita 150 ko fiye, dutse kuma yana hawa yana tsukewa. A Peru, Benjamin Freeman da tawagarsa sun koma wani tsauni, Cerro de Pantiacolla, a 2017, inda aka taɓa ƙirga tsuntsaye a 1985, suka tarar yawancinsu sun matsa sama, kuma cikin nau'i 16 da ke zaune a ƙololuwa 8 ba a same su ba. Ba wanda ya sare dajin wurin.

Akwai kuma batun robobin ruwan sukari da otal-otal da gidajen abinci ke ratayewa don baƙi su ɗauki hoto, da yawa daga hotunan da ke yawo ma a irin wuraren aka ɗauke su. Ba na ganin laifin mai son ganin tsuntsun kusa, kuma kuɗin masu yawon buɗe ido na cikin abun da ya sa mutanen kwarin San Gerardo de Dota a Kostarika da makamantansu suka ga bishiya a tsaye ta fi musu gawayi amfani. Amma Gerardo Avalos da abokansa sun kama kolibiri a kusa da irin robobin nan a Cerro de la Muerte, suka buga a 2012 cewa da yawansu ba su ɗauke da garin fure ko kuma kaɗan ne a jikinsu, wato tsuntsun ya ƙoshi amma furen bai samu ɗan aike ba. A wasu ƙasashen an yi irin binciken ba a ga illa ba, don haka maganar ba ta rufe ba, sai dai a wurin da nau'i huɗu kacal ke yi wa furanni wannan aikin, ni na fi son a shuka furannin a bar robar.

Mu ma muna da ɗan irin wannan dajin, a tsaunin Mambila na jihar Taraba akwai Ngel Nyaki, ga kuma gangaren Chappal Waddi a Gashaka-Gumti, inda hazon ruwa ke kwana a kan bishiyoyi kuma dangin sha-kauci ke yi wa furanni aikin da kolibiri ke yi a can, sai dai namu gobarar daji da kiwo sun matse shi ya koma 'yan guntaye.

In ana son a gane da wuri ko mai maƙogwaron wuta ya fara shiga matsala, ba Talamanka za a duba ba, can akwai sauran tsayi da zai hau. Arewa za a duba, duwatsun Guanacaste na Kostarika, inda wani reshensa na daban yake, wanda Stiles ya bayyana a 1985 ya sa masa suna eisenmanni, ɗan ƙarami ne kaɗan kuma bakinsa ya fi gajarta. Duwatsun can gajeru ne, mafi tsayinsu Miravalles da kaɗan ya haura mita 2,000, kowanne kuma tsaye yake shi kaɗai da ƙasa mai zafi a tsakaninsa da maƙwabcinsa, tsuntsun kuwa tuni a 'yan mitocin ƙarshe na saman yake zaune. Can ya kamata a riƙa ƙirga shi duk shekara, a kuma riƙa auna kwana nawa hazo ke ɗaukewa a rani, da watan da furannin kan rassa ke buɗewa.